Mun ba yaro usur, ba mu ba shi tabarau ba

A kusan kowace kwaleji da kowace lise ta gwamnati a Arlit, da Akokan, da Cirozerin, har zuwa Agadas, akwai yaro guda wanda shekarunsa ba su wuce 16 zuwa 19 ba, wanda in ya ga dama yau ba za a yi karatu ba. Ba ɗan gwamna ba ne, ba kuma ɗan sarki ba. Shi ne wanda ƴan uwansa ɗalibai suka zaɓa ya shugabanci reshen ƙungiyarsu. Usur ɗaya zai busa a tsakar makaranta azuzuwa su watse, a bar mushe tsaye da alli a hannu yana kallon bencina. Darakta mai furfura da ya yi shekara 30 yana aiki ba shi da wannan iko. Ko hukuma sai ta rubuto takarda kafin a rufe lakwal, shi kuwa yaron nan numfashi ɗaya ya ishe shi.

Mu malamai hanya biyu muka saba bi da shi: ko mu kira shi tsagera, ko mu riƙa lallaɓa shi kamar ƙwai don a zauna lafiya. Iyaye kuwa da yawa ba su ma san ɗansu na riƙe da wannan muƙami ba sai ranar da jandarma suka yi sallama a ƙofar gida. Ni a ganina ƙarfin da yaron ya samu ba shi ne abin damuwa ba. Abin damuwa shi ne mun bar shi da ƙarfin shi kaɗai, babu babba ko ɗaya da ya ɗauki nauyin koya masa yadda ake riƙe shi, sannan in ya kubce masa mu taru mu ce yaran zamani sun lalace.

Wani yaro da ake kira Cyclops

Zan ɗauko misali daga inda ba a saba ɗaukowa ba, wato finafinan jarumai masu baiwa da yaranmu ke tura wa juna a waya suna kallo a fada bayan isha'i. Cikinsu akwai X-Men. Asalinsa littafin zane ne da kamfanin Marvel ya fitar a Amurka a 1963, aikin Stan Lee da Jack Kirby, kafin a mayar da shi fim a 2000. Labarin matasa biyar ne da wata baiwa ta tsiro musu daidai lokacin balaga, shugabansu kuma Scott Summers, mai laƙabi Cyclops. A gidan marayu ya tashi. Idanunsa na fitar da wani jan haske mai ƙarfin da ke rusa bango, amma saboda buguwar da ya yi a ka tun yana ƙarami, a haɗarin jirgin saman da ya raba shi da iyayensa, ba ya iya tsayar da shi. Muddin idonsa na buɗe, ɓarna na fita. Zaɓinsa biyu ne: ya runtse ido ya zauna kamar makaho, ko ya sa wani tabarau na jan dutse da ke tare hasken, wanda kuma ke ba shi damar sakin daidai gwargwadon da ake buƙata. Wanda ya ɗauke shi ya horar da shi, ya kuma ɗora shi a kan sauran, malamin makaranta ne, Farfesa Xavier.

Mutumin Arlit ya fi kowa cancantar sanin inda waɗannan labarai suka samo asali. Tsoron nukiliya ne ya haife su. Bayan bama-baman Hiroshima da Nagasaki a 1945, da rikicin makamai masu linzami na Kuba a 1962, Amurkawa sun kwana sun tashi da fargabar tururin nukiliya, sai masu zane suka mayar da fargabar tatsuniya. Hulk, wanda ya fito a 1962, gwajin bam ne ya mayar da shi ƙato. Spider-Man, shi ma a 1962, gizo-gizon da tururin ya taɓa ne ya cije shi. Su X-Men kuwa har laƙabin ƴaƴan atom aka yi musu. A daidai waɗannan shekarun Faransawa ke auna ƙasarmu. An gano yuraniyom a Azelik a 1957, aka kafa Somaïr a 1968 ta fara fitar da ƙarfe a 1971, aka kafa Cominak a 1974 ta fara a 1978. Irin ƙarfen da ya hana su barci a can, a ƙarƙashin ƙafarmu ake tono shi.

Rabin labarin ƙarya ne, kuma wajibi ne mu faɗa wa yara haka a fili. Tururin yuraniyom ba ya ba kowa baiwa, cuta yake bari. Tun 2003 cibiyar binciken Faransa CRIIRAD, tare da ƙungiyar Aghir In'Man ta Almoustapha Alhacen, ta nuna cewa gurɓatattun tarkacen ƙarafa daga ma'adinai na yawo a kasuwar Arlit. A ƙarshen 2009 Greenpeace ta auna wani wuri a titin Akokan ta samu tururin ya ninka na al'ada kusan sau 500. Cominak ta bar tulin sharar da ta kai kimanin tan miliyan 20 a bayan gari. Duk wanda ya ga fim ɗin da Amina Weira, ɗiyar tsohon ma'aikacin ma'adinai, ta yi a kan garin a 2016 ya san abin da iskar nan ke ɗauke da shi.

Sauran rabin kuwa gaskiya ne tsagwaronta, shi ya sa labarin ke shiga zuciyar matasa a ko'ina: ƙarfi yakan riga hankali isowa. Yaro ya wayi gari maganarsa na motsa mutum ɗari biyar, alhali bai san ta yadda ake tsayar da su ba.

Rigar da ta fi ƙarfin kafaɗarsa

Usur ɗin nan ba daga sama ya faɗo ba. Ƙungiyar ɗaliban Nijar, USN, sa'ar ƙasar ce, a 1960 aka kafa ta. Ranar 9 ga Fabrairu 1990, zamanin Janar Ali Saibou, jami'an tsaro suka buɗe wuta a kan ɗaliban da ke zanga-zanga a gadar Kennedy a Yamai, aka kashe uku. Jinin nan na cikin abubuwan da suka tilasta kiran Taron Ƙasa na 1991, wanda aka yi daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamba, ɗalibai kuma suka zauna a cikinsa da kujerarsu. A Afrilun 2017 ma an rasa ɗalibi Mala Bagalé a wata zanga-zanga a jami'ar Yamai. Kowace shekara ana tuna 9 ga Fabrairu. Don haka yaron da aka zaɓa a wata lise a Arlit yana jin kansa magajin shahidai ne, kuma ba laifinsa ba ne, haka aka ba shi tarihin.

Amma tarihin na da ɗaya fuskar. Wanda ya yi lakwal a shekarun 1990 ya san shekarun karatu da aka soke dungurungum, yara suka maimaita aji ba don sun faɗi ba. A 2018, a Jami'ar Abdou Moumouni, cin zarafin wani malami da aka zargi ƴan CASO, sashen tsaro na ƙungiyar ɗalibai, ya sa malamai suka tafi yajin aiki na makonni, aka kori wasu shugabannin ɗalibai. To in ƴan jami'a masu gemu abin na kubce musu, ina ga ɗan shekara 17 da umarnin yajin karatu ke iso masa ta WhatsApp daga Yamai, tazarar fiye da kilomita 1,000, babu wanda zai tambaya ko da kalma ɗaya?

Abu uku ne, a lurar da na yi, ke ƙwace linzami daga hannun yaron.

Na farko taro. Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe da nuna cewa sashen gaban ƙwaƙwalwa, wanda ke auna abin da zai biyo baya ya kuma taka wa mutum birki, ba ya gama nuna sai an haura shekara 20 da ƴan kai. A wani gwaji da Laurence Steinberg na Jami'ar Temple da abokiyar aikinsa suka wallafa a 2005, an sa mutane wasan tuƙin mota a kwamfuta. Matasa sun ƙara ganganci sosai da zarar abokansu na kallo, manya kuwa da ƴan kallo da babu kusan duk ɗaya. Shugaban ɗalibai kullum a gaban ƴan kallo yake yanke shawara. Abin da ba zai taɓa yi ba in kun keɓe ku biyu a ofis, shi zai yi in tsakar makaranta ta cika ana kiran sunansa.

Na biyu tsoron kalmar "an saye shi". Babu abin da ke kashe shugaban ɗalibai kamar wannan zargi. In ya shiga ofishin darakta ya fito ya ce a koma aji, akwai wani a bayansa, mai kwaɗayin kujerar, da zai ce an cika masa aljihu. Sai ya zamana hanyar da ta fi masa sauƙi kullum ita ce ƙara wuta, domin mai ƙara wuta ba a zarginsa.

Na uku manya masu hura wuta daga nesa. Akwai ɗan siyasar da ke son a ga hayaƙi a gari, akwai malamin da ke da tsohuwar gaba da darakta, akwai tsohon ɗalibin da ya bar lakwal amma bai bar ƙofarta ba. Su ba su da abin asara. Ranar da aka fasa gilashi, sunan yaron ne a takardar jandarma.

Na taɓa gani da idona a wata makaranta da na koyar. Ƴan ajin jarrabawa sun yi watanni babu malamin lissafi, shugabansu ya kai kuka har sau uku ba a ko ba shi kujera ba. Ranar da ya busa usur, cikin minti goma abin ya wuce shi. Ƙananan yara da ba su ma san dalilin fitar ba suka fara ruwan duwatsu a kan kwanon azuzuwa, dutse ɗaya ya fasa wa wata yarinya ƴar ajin farko goshi. Ina kallonsa ya hau benci yana ɗaga hannu yana ihun a tsaya, ko mutum ɗaya bai juyo ba. Da yamma ya same ni, idonsa ya yi ja, ya ce: "Mushe, ni na kira su, amma wallahi na kasa mayar da su." An kore shi a ƙarshen mako. Malamin lissafi kuwa ya iso bayan kwana goma, yaran da suka rage suka ɗauki darasin da bai kamata su ɗauka ba: takarda uku ba ta kawo malami ba, dutse ya kawo.

Me ya sa abin ya fi zafi a nan

Ruwa ba ya tsami banza. Arlit gari ne da aka gina a kan alkawari guda: yi karatu, ka shiga ma'adinai, ka samu gida da asibiti da albashi. Ranar 31 ga Maris 2021 Cominak ta rufe, ma'aikata kusan 600 suka rasa aiki, ban da ɗaruruwan ƴan kwangila da aka sallama hannu rabbana. Yaran da ke lise a yau suna ƙanana lokacin da suka ga iyayensu maza sun koma zaman ƙofar gida. Tun 2014 kuma zinariyar Jado da ta Cibarakatan ta buɗe wata ƙofar. Yaron da ya gudu daga aji uku na kwaleji ya dawo da sabon babur da babbar waya, malaminsa ɗan kwantiragi na nan yana jiran albashin watan jiya. Gidaje da yawa uba yana daji wurin tonon zinariya, sai a yi wata shida ba a gan shi ba.

Ga kuma maganar ƙasa da ke shiga kunnensu dare da rana. Sun ji an karɓe lasisin Imouraren daga hannun Orano a Yunin 2024, sun ji an mayar da Somaïr mallakar ƙasa a Yunin 2025. Sun taso suna jin cewa ƙarfen garinsu ya haska biranen Faransa su kuwa suna bitar darasi da fitilar waya. Yaro mai kaifin ƙwaƙwalwa da ya tashi cikin wannan dole ya cika da fushi, kuma fushin na da hujja. A ƙasar da kusan rabin mutanenta ba su kai shekara 15 ba, wanda ke iya magana da yawun matasa yana riƙe da abin da ya fi ƙarfin usur. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Amsa ga ɓangarori biyu

Akwai abokan aikina da ke cewa a haramta ƙungiyar ɗalibai a kwaleji da lise kawai a huta, yaro karatu ya zo yi. Na fahimci gajiyar da ke sa su faɗin haka. Amma wannan shi ne a ce wa Cyclops ya runtse ido har abada. Hasken bai tafi ko'ina ba, yana nan bayan fatar ido yana jiran ranar da za ta buɗe. In ka cire zaɓaɓɓen shugaba mai suna da aji da uba da za ka iya kira, wanda zai maye gurbinsa lambar waya ce marar fuska a wani zauren WhatsApp. Mutanen Damagaram sun ga abin da ƙarfin samari ke zama in ba shi da mazauni a gaban manya, lokacin da gungun da ake kira "pale" suka addabi unguwanni. Sannan a ƙauyuka da unguwanni da yawa, in ba don kukan ɗalibai ba, wa zai san aji ya yi wata uku babu malami?

Akwai kuma masu cewa a ƙyale su, gwagwarmaya ce, duk babban da ya matso kusa da su so yake ya saye su. Su ma ina da tambaya gare su: wa ke biyan kuɗin kwanakin da aka rasa? Ɗan mai hali yana makarantar kuɗi, usur ba ya isa can, in ma ya isa akwai malamin da ke zuwa gida da yamma. Ɗiyar mai sayar da ƙosai ce za ta shiga BEPC ba ta ga kashi ɗaya cikin uku na manhaja ba, kuma in ta faɗi wataƙila ba za a sake ba ta dama ba, aure za a yi mata. Barin yaro da iko ba tare da ja-gora ba sakaci ne, ko da an sa masa sunan ƴanci. Saye daban, tarbiyya daban. Mai saye so yake yaro ya yi shiru, mai tarbiyya so yake yaro ya yi maganar da za a ji.

Ba sai mun je Amurka aron tabarau ba

Kakanninmu sun san wannan matsala, sun kuma yi mata tanadi. A wurin Abzinawa, in saurayi ya kawo ƙarfi ana tara manya a naɗa masa rawani, amawali ya rufe baki. Tun daga ranar ake sa ran ganin abin da suke kira "ashak" da "takarakit" a tare da shi, wato mutunci da kamun kai da kunya: ba ya ɗaga murya a gaban babba, ba ya taɓa mace ko marar ƙarfi. Ranar da aka yarda ya zama namiji, ranar ake nuna masa iyakarsa. A ƙasar Hausa sarkin samari ba shi ke naɗa kansa ba. Mai gari ke naɗa shi a gaban jama'a, a ba shi aikin gayya da tsaron mutuncin dandali, kuma akwai dattijon da zai kira shi in ya karkace. Seyni Kountché, wanda ya yi mulki daga 1974 zuwa 1987, ya farfaɗo da Samariya, ko da yake ya ja ta zuwa hidimar mulkinsa. Wannan kuskuren ne bai kamata a maimaita ba, amma tushen abin, wato saurayi mai muƙami da babba a bayansa, namu ne tun kafin Kountché.

A addini ma muna da misalin da ya isa. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ɗora Usama ɗan Zaidu a kan runduna alhali bai wuce shekara 20 ba, cikin rundunar har da manyan sahabbai. Wasu suka yi gunaguni saboda ƙuruciyarsa. Bayan wafati a shekara ta 11 bayan Hijira, Sayyadina Abubakar ya ƙi sauke shi. Ya raka shi da ƙafa Usama na bisa abin hawa, ya nemi izininsa kafin ya riƙe Sayyadina Umar a Madina, sannan ya zayyana wa rundunar iyakoki: kada a yi ha'inci, kada a taɓa yaro ko mace ko tsoho, kada a sare itace mai ƴaƴa, kada a dami masu ibada a wuraren ibadarsu. Ya girmama yaron a gaban kowa, ya kuma gindaya masa sharuɗɗa a gaban kowa, duk a tafiya ɗaya. Mu kuwa yau ko dai mu yi ɗaya mu bar ɗaya, ko mu bar duka biyun.

Ko a ma'adinan da ke bayan garinmu, duk tsohon ma'aikaci zai gaya maka ba a miƙa wa sabon shiga makullin babbar motar kwasar dutse ranar farko, balle nakiyar fasa dutse. Sai ya yi horo, ya zauna kusa da gwani, ya san inda birki yake. Mun yarda da wannan a kan mota, mun kasa yarda da shi a kan yaron da ke tuƙa ɗalibai dubu.

Abin da za mu iya yi tun wannan shekara

Babu ɗaya cikin waɗannan da ke buƙatar kuɗi ko izini daga Yamai.

A makon da aka zaɓi shugabannin ɗalibai, darakta ya kira zama da su, da sarbeyan, da wakilan ƙungiyar iyaye, da kwamitin COGES, da uba ko uwar kowane yaro da aka zaɓa. A taya su murna da gaske, a ba su kujera su zauna. A wannan zaman ne za a rubuta matakan kai kuka a kan takarda ɗaya, kowa ya sa hannu, a manna a allon sanarwa: takarda tukuna, sannan ganawa, sannan wa'adi, sannan zaman dirshan na awa ɗaya cikin makaranta, yajin karatu ya zo a ƙarshe. Amfanin tabarau ke nan, yaro ya san akwai mataki huɗu tsakanin shiru da rufe lakwal.

A rubuta abubuwan da ba a yi ko da kukan na da gaskiya: ba jifa, ba zuwa fitar da ƴan firamare, ba tilasta wa ƴan ajin farko, ba shiga ɗakin jarrabawa, ba zagin malami ko taɓa jikinsa. In ɗaliban ne da kansu suka amince da waɗannan tun ana zaman lafiya, shugabansu ya samu abin da zai dogara da shi ranar da taro ya yi zafi.

Mu kuma mu ɗaure kanmu da namu sharaɗin: duk takardar koke a amsa ta a rubuce cikin mako guda, ko da amsar ita ce abin ya fi ƙarfinmu, ga kwafin wasiƙar da muka aika wa hukumar ilimi ta jiha. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Makarantar da ba ta motsi sai an busa usur ita ke koya wa yara busa usur.

Kowane shugaba ya zaɓi malami ɗaya da ya yarda da shi, wanda zai riƙa zama da shi ko sau biyu a wata. Kada malamin nan ya zama ɗan leƙen asirin ofis, in ya zama haka an kashe abin. Aikinsa ya koya wa yaron abubuwan da babu su a manhaja: yadda ake jagorantar taro, yadda ake ƙuri'a maimakon bin mai babbar murya, yadda ake rubuta abin da aka cimma, da yadda ake rufe yajin da aka buɗe. Wannan na ƙarshen shi ne ya fi wuya. Shi ya sa in an yi sulhu ya kamata darakta ya ba yaron wani abu a hannu da zai nuna wa jama'arsa, ko da ranar da aka tsayar ce a rubuce, don kada ya fita a ce an saye shi.

A ƙarfafa wa ƴan mata su shiga shugabancin nan. Na lura a inda yarinya ke cikin kwamiti, maganar bayan gida da ruwan sha da ƙananan yara na shigowa cikin koke, gasar nuna jarumta kuma na raguwa.

Iyaye, in ɗanku ko ɗiyarku ta samu wannan muƙami, kada ku ji a bakin maƙwabta. Ku tambaye shi wa ke kiransa da dare, wa ya saya masa sabuwar waya, wa ke zuba masa kati. Ku duba makinsa kowane zango, domin shugabannin ɗalibai da yawa sun ƙare da suna a gari ba su da Bak a hannu. Ku gaya masa cewa ranar da ya ce a koma aji aka yi masa ihu, gida na nan a bayansa.

In kuma an yi ɓarna, a bambanta wanda ya kira taro bisa ƙa'ida da wanda ya ɗauki dutse. Korar shugaba don huce haushi ba ta gyara gilashi, sai dai ta tura yaro mafi iya magana a makarantar zuwa ramin zinariya ko hanyar Libiya, inda masu neman irinsa ke jira da hannu biyu.

Malamin da ke neman ƙofar shiga wannan magana da ɗalibansa, ga ta a wayoyinsu. Ka tambaye su wa ya fi ƙarfi a X-Men, za su yi ta gardama. Sannan ka tambaye su me zai faru da abokan Cyclops in aka cire masa tabarau yana tsakiyarsu. Sun san amsar, kuma za su gane inda ka dosa ba sai ka faɗa ba.

Yaran nan da ke busa usur yau, cikinsu za a samu magajin garin Arlit, da shugaban ƙungiyar ƙwadago a ma'adinai, da ɗan majalisar da zai zauna a teburin cinikin yuraniyom nan da shekara 20. Yadda suka koyi riƙe iko a tsakar lakwal, haka za su riƙe shi a can. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma ɗa na kowa ne. Allah ya shirya mana zuri'a, ya ba mu haƙurin zama da su.